Sitiyarina Na Ƙas-ƙas, An Canja Akus Bai Daina Ba

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ina zaune a Makka wajen Shari'a Mansur, aikina kuma a Jidda yake, kusan kullum ina kan hanya. Motata Hyundai Elantra ce ta 2013, ta ci kilomita dubu 190 da 'yan kai. Wata uku ke nan, da na ɗan motsa sitiyari hagu ko dama sai in ji ƙas-ƙas, ko da motar na tsaye a ƙofar gida. Har a tafin hannuna nake jin abin. Na kai ta sina'iyya, unguwar garejojin makanikai, bakanike ya ce akus ne, aka canja na dama, na biya, ƙarar tana nan daram. Wani kuma ya ce duda ce ta tafi, wato ƙarfen da ke kai juyin sitiyari ga tayoyi, ya yanka mini kuɗin da ya kusa rabin albashina. Ga fahas, wato binciken lafiyar mota na hukuma, ya matso, ga iyali ina ɗauka a ciki. Don Allah me ke damun motar nan? Akwai hatsari in na ci gaba da hawa?

Wani ɗan'uwanku daga Makka

Amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara rufin asiri. Ka riƙe kuɗin dudar nan a aljihunka tukuna, domin a cikin wasiƙarka ka riga ka faɗi maganar da ta fi komai amfani: ƙarar tana fita ko da mota na tsaye. Wannan kaɗai ya wanke akus, kuma ya sa zatonmu ya karkata sosai ga wata 'yar roba da ba ta kai murfin kwalbar ruwa biyu girma ba.

Bari mu fara da akus ɗin, don ka ga inda bakanike na farko ya kauce. Abin da ake kira akus a nan shi ne shaf a bakin makanikan Kano da Kaduna, wato sandar ƙarfen da ke ɗauko juyi daga giya ta kai wa tayar gaba. A ƙarshenta na wajen taya akwai gaɓa mai ƙwallayen ƙarfe, galibi shida, suna zaune cikin wani keji, suna zirga-zirga a kwaroron da aka fafe musu. Su ne ke ba taya damar ci gaba da jan mota alhali tana karkace. An cika gaɓar da baƙin giris, an rufe ta da roba mai lanƙwasa kamar zugazugin maƙeri. Idan robar ta tsage, giris ya fice, yashi ya shiga, sai kwaroron ya cinye, ƙwallayen su riƙa faɗawa rami suna fita. Ƙarar da ake ji ke nan. To amma sai taya tana juyawa, tana kuma ɗauke da nauyin jan mota, sannan hakan ke faruwa. Motar da ke fake a ƙofar gida, ko da akus ɗinta ya lalace kaca-kaca, ba zai ce uffan ba. Da an tambaye ka "a tsaye take yi ko a tafe?" da ba a kwance maka taya ba.

Duk da haka ka gwada na hagun da ba a taɓa ba, tunda shi ma ya sha tafiya. Ka sami fili babu motoci, ka sauke gilasai, ka kashe rediyo da na'urar sanyi. Ka murɗa sitiyari har ƙarshe, ka yi kewaye a hankali kana ɗan taka totur, sannan ka juya ɗaya ɓangaren, sannan ka maimaita da ribas. Kukan akus a jere yake, tak-tak-tak-tak, yana ƙara sauri da saurin taya, yana daɗa ƙarfi in ka taka mai, yana ɓacewa da zarar ka miƙe hanya. Bayan nan ka karkata tayar ka leƙa bayanta da tocilan. In ka ga baƙin maiƙo ya fantsama a cikin rim da jikin shokazoba, roba ta fashe. Zafin Makka na bazara, da ke haura digiri 45, da ƙurar hanya, ba sa barin roba ta daɗe. Idan an ci sa'a an gano tsagar kafin ƙara ta fara, wankewa za a yi tas, a zuba girishin da aka yi don gaɓar, mai sinadarin molibdinom, wajen giram 100, a sa sabuwar roba da sababbin maɗaurai. Idan ta riga ta fara kuka kuwa, giris ba ya mayar da ƙarfen da ya cinye, sai dai a canja.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Ka buɗe murfin injin motarka ka nemi 'yar tankar man sitiyari, ba za ka same ta ba. Elantra ta wannan zamani ba da famfo da mai take tausasa sitiyari ba, da lantarki ne. Akwai wani ƙaramin inji manne a jikin sandar sitiyari, a ƙarƙashin dashbod, saman gwiwar direba. Shi ne ke taya ka murɗawa. Tsakanin bakin wannan injin da ƙarfe mai murɗaɗɗen zare da yake juyawa, an saka wata 'yar roba mai yatsu kamar tauraro, don kada haƙoran ƙarfe biyu su riƙa haɗuwa kai tsaye. Masu sayar da kaya a nan "wardar dirkison" suke ce mata, saboda ta yi kama da fure. Shekaru da zafi suna sa ta bushe, ta tsattsage, daga ƙarshe ta dagargaje ta koma gari. Da ta tafi sai a sami giɓi tsakanin haƙoran. Duk lokacin da ka sauya hannu daga hagu zuwa dama, sai haƙori ya tsallake giɓin ya daki ɗan'uwansa: ƙas. Ka dawo: ƙas. Shi ya sa kake jin abin a tafin hannu, domin a jikin sandar da kake riƙe da ita ake bugun.

Wannan ba baƙon ciwo ba ne. Ya shahara a Elantra da Sonata na shekarun nan, da 'yan uwansu na Kia irin su Cerato da Optima, har a Amurka sai da kamfanin ya tsawaita garanti a kan wannan 'yar roba. Motar da aka saba barinta a rana tun safe har la'asar, cikinta ya zama tanderu, ita ta fi saurin kamuwa.

Ga yadda za ka tabbatar kafin ka kashe ko riyal ɗaya. Ka faka a wuri mai laushin ƙasa ko shimfiɗaɗɗen siminti, tayoyi a miƙe, ka ta da inji. Ka sa yatsu biyu kawai a saman sitiyari, ka riƙa kaɗa shi hagu da dama kaɗan-kaɗan, kamar faɗin yatsa biyu ko uku. Idan warda ce, za ka ji wani ɗan wuri a tsakiya da sitiyarin ke tafiya a banza ba nauyi, sannan bugu ya biyo. Sai ka sa wani ya ci gaba da kaɗawa, kai kuma ka durƙusa a bakin ƙofa, ka zura hannu ƙarƙashin dashbod ka dafa jikin injin nan, mai siffar gwangwanin madara. In bugun yana dukan hannunka a nan, magana ta ƙare. Ka kuma lura a hanya: masu wannan matsala sukan ji kwaram-kwaram a sitiyari in sun bi titin da aka kankare kwalta, ko sun hau maɗabbi, wato tudun rage gudu, a hankali.

Batun hatsari kuwa, hankalinka ya ɗan kwanta. Wardar ba ita ke haɗa hannunka da taya ba. Sandar ƙarfe ce ke yin wannan, kuma tana nan lafiya. Aikin robar isar da taimakon injin lantarki ne kawai, don haka sitiyari ba zai tsinke maka a hanya saboda ita ba. Sai dai ba abin a zuba wa ido ba ne. Giɓin ƙaruwa yake, motar takan fara yawo a titi kana ta gyara mata zama, abin da ke gajiyar da mai yin Makka zuwa Jidda safe da yamma, haƙoran ƙarfen kuma suna cin junansu. In suka cinye, maganar ta tashi daga roba ta koma injin gaba ɗaya.

Ita kanta robar ba ta da tsada, ba ta wuce kuɗin abincin rana ba. Lambarta a wurin Hyundai 56315-2K000-FFF. Ka je da istimararka, wato takardar rajistar motar, a duba da lambar shasi don a tabbatar ita ce ta motarka, ka kuma nemi ta asali, domin ta bogi takan narke cikin 'yan watanni, a sake kwance abin da aka kwance. Kuɗin yana wajen aikin hannu. Za a miƙar da tayoyi, a cire kan batir na baƙar waya, a jira aƙalla minti uku don wutar da ke ajiye a na'urar jakar iskar kariya ta sauka. Sai a cire robobin da suka rufe sandar da farantin da ke gaban gwiwa, a zare filogan wayoyi, a kwance notocin da ke riƙe da sandar a sauko da ita. Wasu makanikai kan fitar da ita waje gaba ɗaya, wasu su kwantar da ita a kan kujera su yi aikin a nan. Daga nan a kwance 'yan ƙusoshin da ke riƙe da injin, a zare shi. Abin da za ka gani a ramin yakan ba da mamaki: ɓurɓushin roba kamar an daka busasshen ƙuli-ƙuli, wani lokaci da ɗan danƙo ya manne a lungun haƙora.

A nan ne mai gaggawa ke ɓata aiki. Dole a kwashe ɓurɓushin nan tsaf da buroshi da iska, har a ƙwaƙule wanda ya maƙale a gindin haƙora. In aka bar shi, sabuwar robar ba za ta zauna daidai ba, ƙarar ta ragu na mako biyu ta dawo. Sannan a daidaita haƙoran injin da yatsun robar su shige da kansu. Ba a tura shi da ƙarfin ƙusa. Bakaniken da ya saba yakan gama cikin awa ɗaya zuwa biyu.

Abu ɗaya ka tsaya a kansa da idonka: muddin an raba sandar da haɗinta na ƙasa, kada kowa ya juya sitiyari, musamman yaran gareji masu son wasa da shi. A bayan sitiyari akwai wata waya shimfiɗaɗɗiya kamar zaren kaset, naɗe cikin akwatin roba, wadda ke kai wuta ga ham da maɓallan sitiyari da jakar iska. Larabawa "shariɗ" suke ce mata. Iyakar juyinta kamar biyar ne, biyu da rabi kowane ɓangare. In aka wulwula sitiyarin aka mayar da shi ba a tsakiyarta ba, ranar da ka murɗa har ƙarshe za ta tsinke, ham ya mutu, fitilar jakar iska ta kama. A ɗaure sitiyarin da bel ɗin kujera, a kuma yi wa haɗin alama da fenti kafin a raba. Bayan an mayar, in fitilar sitiyari ta kama ko ka ji ɓangare ɗaya ya fi ɗaya nauyi, a sa kwamfuta a saita na'urar da ke auna karkatar sitiyari. Aikin minti kaɗan ne.

To idan ka dafa injin ba ka ji bugun a nan ba fa? Sai a bi sandar a gangara. Can ƙasa kusa da fedar birki akwai gaɓa mai siffar gicciye, wadda ake kira salib, da wata sanda mai zamewa cikin 'yar uwarta. Ka kama ta da hannu ana kaɗa sitiyari. Idan sama na motsi ƙasa na jinkiri, ko ka ji ƙwas a cikin hannunka, ita ce. Wani lokaci ma ƙusar da ke matse ta ce ta yi sako-sako, ɗaurewa kawai take so. Masu Toyota, musamman tsofaffin Camry, sun san wannan bugun, nasu yakan fito daga bushewar giris a sandar mai zamewa.

Shi shariɗin ma yakan yi ƙara da kansa in ya tsufa, amma tasa daban ce: siririya, kamar ana murza leda ko ana taka busasshen ganye, daga daidai bayan ham, ba ta da nauyi a hannu. Kada kuma ka ruɗe da ɗan ƙas ɗin da ake ji idan an kunna sigina ana kwana, wannan harshen da ke mayar da sandar sigina ne, haka aka ƙera shi.

Idan sautin daga waje yake, ta wajen taya, ka sa a murɗa sitiyari daga ƙarshe zuwa ƙarshe mota na tsaye, ka dafa saman shokazoba ta cikin murfin inji, inda notoci uku suka fito. A nan akwai kujerar shokazoba, da boris a cikinta da ke ba ƙafar gaba ɗaya damar juyawa. In boris ɗin ya cije, sifirin zai riƙa murɗewa yana kuɓucewa, ka ji ɗau, ɗau, kamar an tsinka igiyar gurmi. Kada dai ka cusa yatsu tsakanin zoben sifirin ana murɗawa.

Sai a ɗaga mota. A sa mata turken ƙarfe, kada a shiga ƙarƙashinta tana kan jak kaɗai. Ka kama taya ta gefe da gefe, inda ƙarfe 3 da ƙarfe 9 suke a fuskar agogo, ka girgiza. Motsi a nan yana nuna tayirod, sandar da ke haɗa duda da taya, wanda ake kira zira'i, na waje ko na ciki. Ka kama sama da ƙasa, 12 da 6, ka sake girgizawa. Motsi a nan boljoyin ne, wato gaɓa mai ƙwallo da ke riƙe ƙafar taya ta ƙasa, ko boris ɗin taya. Waɗannan su ne ba a wasa da su. Boljoyin ko kan tayirod in ya fice daga mazauninsa, taya kwanciya take ko ta juya inda ta ga dama, kuma ba a kan kwanonin Hada na hanyar Ɗa'if mutum zai so ya gane hakan ba. In an sami motsi a cikinsu, a canja a ranar, a yi mizani, wato saita zaman tayoyi, bayan an gama, in ba haka ba taya za ta cinye ta gefe ɗaya. Siririn sandan nan da ake kira mismar tawazun, mai haɗa shokazoba da ƙarfen da ke hana mota tangaɗi, shi ma yana ƙwanƙwasa, sai dai a kan gargada yake yi, ba wajen murɗa sitiyari ba, kuma arha gare shi. Tunda an zo nan, a taɓa notocin taya, a duba ko tsakuwa ta maƙale a taya ko farantin bayan birki ya lanƙwashe yana gogar wani abu.

Duda ita ce ta ƙarshe a layi, ba ta farko ba. Ita ce doguwar gorar ƙarfen da ke kwance a bayan inji, mai mayar da juyin sitiyari ya zama turin taya. Tana lalacewa, ba a musu, kuma mai yiwuwa ne bakanike na biyu ya ga wani abu. Amma hukuncinta ba da kunne ake yanke shi daga kujerar direba ba. Mota na kan rami, tayoyi na ƙasa, wani na kaɗa sitiyari, shi kuma ya dafa jikin dudar da tayirod na ciki ya nuna maka inda ke bugu. Sau da yawa za a tarar tayirod na ciki ne, ko robobin da dudar ke zaune a kai, ko ɗan matashin da ke danne haƙoranta ya saki, duk kuwa ana gyara su ba tare da an sayi duda sukutum ba. Ka ce masa, "Mu'allim, nuna mini da hannuna." Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan. In ta tabbata ita ce, ta tashlih, inda ake sayar da kayan motocin da aka farke, tana iya yi, da sharaɗin a rubuta maka kwanakin garanti a takarda. Ita warda kuwa ba a sayenta a tashlih, tsohuwar roba tsohuwar roba ce.

Akwai alamun da in ka gan su, ka ajiye motar a kira saɗaha, motar ɗaukar motoci, ta ɗauka: sitiyari ya riƙa cijewa sannan ya saki, ko ya yi nauyi farat ɗaya, ko motar ta riƙa fizga gefe in ka taka birki tare da bugu mai ƙarfi daga ƙasa, ko ka ga taya ɗaya ta karkace ba kamar 'yar uwarta ba. Babu ko ɗaya cikin waɗannan a wasiƙarka, shi ya sa muke ganin za ka iya tuƙa ta zuwa gareji da kanka. Ka dai yi a wannan makon, kafin ka kama wa'adin fahas, domin a can ana duba ƙasan mota, kuma fashewar roba ko motsin tayirod ko fitilar jakar iska a kunne na iya sa a dawo da kai.

Akus ɗin da aka riga aka canja, kuɗinsa ya tafi, amma ka sa a bi bayan aikin. Babban notin da ke tsakiyar taya da sifana mai awo ake ɗaure shi, a kan adadin da littafin motar ya faɗa, wanda a irin waɗannan motoci yakan kama daga niyuton-mita 200 zuwa sama, sannan a kulle shi. Wanda aka ɗaure da bindigar iska bisa ƙiyasi yakan kashe boris ɗin taya. A duba man giya ma, domin yakan zuba lokacin da aka zare shaf, a kuma leƙa bakin giyar ko yana tsatsafo. Idan kuma tun da aka sa sabon kana jin motar na karkarwa in ka taka totur tana ɗaukar gudu, to shaf ɗin da aka sa maka ba mai kyau ba ne, ka koma da rasit ɗinka tun garantinsa bai ƙare ba.